Tafasa ce ko rai-ɗore? Jagorar rarrabe tsirrai 'yan gida ɗaya a dajin arewacin Kamaru

Wanda ya tashi a karkarar Garwa ko Marwa ba sai an nuna masa kuka ko tsamiya ba. Inda ido ke ruɗewa shi ne wajen tsirran da suka fito daga tsatso ɗaya: ganyensu kusan ɗaya, furensu launi ɗaya, a juji ɗaya ko gona ɗaya suke tsirowa, amma wannan na tukunya ne, wancan kuwa in akuya ta cika ciki da shi sai a nemi wuƙa. Da can yaro a bayan kakarsa yake koyon wannan idan an fita cirar ganye, ko kuma a bayan shanu. Yanzu da yawanmu a cikin gari muka girma, a ƙulle muke sayen ganye a kasuwa, shi ya sa za ka ga babban mutum ya tsaya a gaban tafasa yana tantama.

Launin fure shi ne shaidar da ta fi kowace rauni. Shi ke fara jan ido, don haka ake dogara da shi, alhali a fure ne 'yan gida ɗaya suka fi kama da juna. Bambancinsu yana maƙale a gindin ganye, a bayan ganye, a bakin kwanso, a zaman ƙaya. Kuma alama ɗaya ba ta yanke hukunci. Ni dai sai alamomi uku daga sassa daban-daban na tsiro sun yi baki ɗaya kafin in kira masa suna.

Lokacin fita da abin da za ka riƙa

Ka fita bayan marka ta lafa, daga Satumba zuwa tsakiyar Oktoba. A lokacin ƙananan tsirrai suna ɗauke da fure a sama da kwanso a ƙasa a jiki guda, ka ga ka samu shaidu biyu a tafiya ɗaya. A Yuni da Yuli duk jarirai ne, ko gwani yana iya kuskure. Ka kuma yi la'akari da inda kake. Ngaundere na samun ruwan sama wajen milimita 1,500 a shekara, Garwa wajen 1,000, Marwa wajen 800, Kuseri da Njamena ƙasa da haka, saboda haka gwargwadon yadda ka yi arewa, gwargwadon yadda ciyawa ke saurin bushewa. Da hantsi ya fi. Furen dangin duman rafi yana yanƙwanewa da zarar rana ta take, tafasa kuma tana naɗe ganyenta da yamma, sai ta sauya kama.

Kayan aiki ba su da yawa: ɗan madubi mai ƙara girma sau goma irin na masu gyaran agogo da waya, rula, ƙaramar wuƙa, fartanya don tono, littafi da fensir, tsofaffin jaridu, sai wayarka. Ka sa rufaffen takalmi, domin kwarin Binuwai ya yi suna wajen kububuwa, kuma kada ka cusa hannu cikin duhuwar ciyawa kafin ka buga ta da sanda. A wuraren kan iyaka ka tafi da ɗan gari. Cikin gandun daji irin na Waza kuwa ba a cirar komai sai da izini.

Mataki na farko: dubi wurin kafin ka taɓa tsiron

Tsaya a tsaye tukuna. Jigawa ce ko fadama? Fako ne, ko baƙar lakar karal da ake dasa masakwa a kanta? Bakin mayo ne, wato rafi, ko burtali, ko juji? Me ke kewaye da shi, dawa ko wake? A kwance yake ko a miƙe? Rubuta wannan duka, domin wuri kaɗai yana iya rage maka waɗanda ake zargi daga biyar zuwa biyu.

Duman rafi ya isa misali. Akwai biyu da furensu ke kama, buɗaɗɗe mai ruwan hoda zuwa shunayya, dukansu 'yan gidan Ipomoea. Wanda masana ke kira Ipomoea asarifolia yana shimfiɗa a yashi mai laima a bakin rafi da gefen hanya, ganyensa mai kauri ne, kewayayye, faɗinsa ya kai tsawonsa ko ya fi. Makiyaya sun san shi, dabbar da ta ci shi da yawa sai ta kama rawar jiki da tangaɗi. Ɗan'uwansa Ipomoea aquatica cikin ruwa yake ko a taɓo, ganyensa dogo mai tsini, kuma ana cin sa. Ka yanka karan: na ruwan rami ne a cikinsa, shi ya sa yake yawo a kan ruwa. Wuri, ganye, kara, alamomi uku ke nan, ba ka ma dubi fure ba.

Mataki na biyu: ƙirga ganye, juya shi, murza shi

Nan ne aikin ya fi yawa, kuma gidan tafasa ne makarantar da ta fi dacewa, domin ba unguwar da babu shi. Uku ne za ka fi cin karo da su: tafasa, rai-ɗore wanda wasu ke kira sanga-sanga, da filasko. Dukansu furensu ruwan ɗorawa ne mai kunnuwa biyar. In ka tsaya kan fure, ka ɓata.

Ka fara gane cewa abin da ido ke ɗauka ganye ɗaya a wurinsu ɗan ganye ne. Cikakken ganyen shi ne sandar nan gaba ɗaya da 'ya'yanta jere bibbiyu. To, ƙirga su. Tafasa 'ya'ya shida take da su, uku a kowane gefe, kowane ɗaya siriri ne a gindi, ya buɗe a gaba, bakinsa a dunƙule. Rai-ɗore ya fi yawa, galibi takwas zuwa goma, kuma nasa masu tsini ne. Na ga wata goggo a unguwarmu tana koya wa jikarta wannan a bakin zaure, yarinyar ta dawo da ganye cike da zane.

"Goggo, ga tafasa na samo miki, a bayan makaranta take da yawa."

"Kawo in gani, 'yar nan. Ƙirga mini 'ya'yan wannan."

"Biyu, huɗu, shida, takwas, goma."

"Tafasa shida take, ba ta ƙari. Murza ki sansana."

Yarinyar ta murza, ta kai hanci, ta yamutsa fuska. Rai-ɗore wari gare shi mai hawa kai. Ita ma tafasa tana da ɗan ƙamshinta na ɗanyen ganye, amma bai kai nan ba. Sai dai hanci ba abin dogaro ba ne shi kaɗai, don mai mura ba ya ji, kuma wari ba ya rubutuwa a littafi.

Alamar da ta fi ƙarfi ƙarama ce ƙwarai, sai da madubi ko ido mai kyau. Tafasa da rai-ɗore kowannensu yana da wani ɗan ƙullutu a jikin sandar ganye, wanda ke fitar da ruwa mai zaƙi, shi ya sa za ka ga tururuwa na kai-komo a wurin. A tafasa, ƙullutun yana tsaye ne tsakanin 'ya'yan ganye biyu na farko, siriri mai ɗan tsini. A rai-ɗore kuwa ya sauko can gindin sandar, daf da inda ta manne da kara, dunƙulalle mai duhu. Ko tsiron bai yi fure ba, ko bai yi kwanso ba, wannan alama tana nan.

Kwanso shi ke rufe magana. Na tafasa siriri ne dogo, yakan kusan kai santimita 20, ya lanƙwashe ƙasa kamar lauje, ƙwayoyinsa masu kusurwa ne masu sheƙi. Na rai-ɗore ya fi gajarta, a baje yake, yana kallon sama, tsakiyarsa ta fi gefensa duhu, ƙwayoyin kuma a shafe suke. Ɗanyen irin rai-ɗore guba ne ga dabba da mutum, yana lalata hanta da tsoka, kuma yara ne abin tsoro, don suna ɓare kwanso su ci da wasa. Gaskiya ne a wasu wurare ana soya irin a sha shi a madadin kofi, amma wannan ba hujja ba ce ta barin sa ya yi daji a bayan gida.

Filasko ba ya tashi sama sosai, yana baje rassa kusa da ƙasa, ya fi son busassun wurare na arewa. 'Ya'yan ganyensa masu dunƙulallen baki ne irin na tafasa, nan ne ruɗanin yake, amma sun fi shida yawanci, kuma korensu ya ja zuwa toka-toka. Furensa a jere yake a kan doguwar sanda, ba bibbiyu a hammatar ganye ba. Kwansonsa gajere ne, mai faɗi, a lanƙwashe, da wani tudu-tudu da ya bi tsakiyarsa. Kowa ya san aikin filasko a ciki, wanda ya zuba shi a miya da sunan tafasa ba zai yi barci ba a daren. Tafasar gaskiya kuwa ita ce tasba da ake miya da ita ko'ina a arewacin Kamaru, ita ce kuma ake ruɓar da ganyenta a yi kawal a Chadi da Sudan.

Juya ganye ma aiki ne da ake mantawa. Magarya da kurna ana gane su ta nan: bayan ganyen magarya fari ne mai laushin gashi, na kurna kore ne kusan sumul, magaryar kura kuwa ganyenta ya fi faɗi, yana sheƙi, 'ya'yanta da ɗaci. Haka kalgo. Iri biyu ne muke kira da suna ɗaya. Na ƙasar Marwa da Kuseri, Piliostigma reticulatum, ganyensa ƙarami ne, bayansa ba gashi. Na kudu mai ruwa, Piliostigma thonningii, ganyensa ya fi girma, bayansa da gashi mai launin tsatsa, ɗanyen kwansonsa ma haka. A tsakiya, inda iyakokinsu suka haɗu, kana iya samun su a daji ɗaya, sai yatsa ya raba gardama.

Mataki na uku: nemi kwanso, dubi bakinsa

Ganyayen miyar yauƙi su ne suka fi nuna amfanin wannan mataki. Lalo dai gida ne guda, Corchorus, kuma furensu duka ƙanana ne ruwan ɗorawa. Alamar gidan tana gindin ganye: haƙoran ganye biyu na ƙarshe sun miƙe sun zama siraran gashi biyu suna kallon baya. In ka ga wannan ka shigo gidan, ka kuma rabu da tsirran gidan Sida masu kama da shi, waɗanda ba su da gashin, 'ya'yansu kuma dunƙulallu ne masu rabewa yanka-yanka. Sai ka koma kwanso. Corchorus olitorius, wanda ake shukawa a lambu kuma yake fitowa da kansa, kwansonsa ya fi kauri, yana da layuka goma a tsaye, bakinsa ɗaya ne, in ya bushe ya tsage gida biyar. Corchorus tridens na jigawa kwansonsa siriri ne, bakinsa ya rabu ƙananan ƙahoni uku, ya tsage gida uku. Duka biyun ana cin ganyensu, sunayen lalo da turgunnuwa kuma suna yawo a tsakaninsu daga gari zuwa gari. Irin lalo dai ba a ci, yana da guba mai taɓa zuciya, don haka in ganyen ya tsufa ka tsince kwanson kafin ka shanya.

Gidan riɗi ma haka yake. Furensu mai wuya ne, a sunkuye, ruwan hoda ko shunayya mai haske, kuma a gindin kowane fure akwai ɗigo biyu ƙanana, ɗaya a kowane gefe. Karkashin da Fulanin nan ke kira gubudo, Ceratotheca sesamoides, kwansonsa a ɗan baje yake da ƙaho biyu, ɗaya a kowace kusurwa ta sama. Sesamum radiatum, wanda shi ma ake kira karkashi, ba shi da ƙahon, kuma warinsa ya fi ƙarfi. Riɗin barewa, Sesamum alatum, ya fi su tsayi da sirantaka, ganyensa na ƙasa ya rabu yatsu uku zuwa biyar, kwansonsa dogo mai baki ɗaya. Ɓare busasshe a tafin hannunka: irinsa yana da ɗan fiffike a kai da gindi, abin da sauran ba su da shi.

Zaƙami ba na ci ba ne ko wane iri, duk haukata-yaro ne, amma yana da kyau a san wanne ne ya fito a juji. Wanda 'ya'yansa ke tsaye suna kallon sama, ganyensa da manyan haƙora, shi ne Datura stramonium. In 'ya'yan sun sunkuya, ka shafa kara: mai gashi mai laushi da dogayen ƙayoyi sirara shi ne Datura innoxia, mai sumul ɗin jiki da gajerun ƙayoyi dakusassu, sau da yawa karansa baƙi-baƙi, shi ne Datura metel. Ka wanke hannu bayan ka taɓa, kada ka kai shi ido.

Mataki na huɗu: inda fure ke da ta cewa

Ban ce a yi watsi da fure ba. Launinsa ne ba abin dogaro ba, amma ƙirarsa shaida ce babba, kuma babu inda wannan ya fi amfani ga manomi kamar wajen ƙuduji, wuta-wutar da ke cinye gonakin dawa daga Binuwai har kogin Logon.

Fara da tambayar abin da yake tsotsa. Sa fartanya ka tono shi a hankali da ƙasarsa, ka zuba ruwa ka wanke, za ka ga inda saiwarsa ta manne da ta amfanin gona. In dawa ce, ko gero, ko masara, tsiron kuma dogo ne ya kai gwiwa ko ya wuce, ganyensa siriri mai kaushi, furensa manya ruwan hoda jere a sama, to kusan ko da yaushe Striga hermonthica ne. In wake ne, tsiron gajere ne bai cika wuce taƙi ɗaya da rabi ba, rassa da yawa sun taso tare daga ƙasa, jikinsa da ɗan ruwa-ruwa, ganyen ya ƙanƙance ya zama ɓawo-ɓawo manne da kara, furen ƙanana masu shunayya mai haske ko fari-fari, wannan Striga gesnerioides ne. A inda ya kama saiwar wake za ka tarar da ƙulli mai ɗan girma. Akwai kuma wani maƙwabcinsu a gonar wake da gyaɗa, Alectra vogelii, shi furensa ruwan ɗorawa ne, yana da ganye sosai, kuma in ka tono shi gindinsa na cikin ƙasa ruwan goro ne.

Wanda ke ba da wahala shi ne Striga aspera, domin daga nesa ba ka raba shi da hermonthica. Ciro fure ɗaya ka riƙe shi ta gefe, ka sa madubi. Akwai koren ƙoƙo a ƙasa, daga cikinsa siririn wuyan fure ya fito, ya karye gefe, sannan ya buɗe. A hermonthica, wuyan yana karyewa ne daf da bakin ƙoƙon. A aspera sai ya miƙe ya wuce bakin ƙoƙon da ɗan nisa kafin ya karye, kuma yana da ƙananan gashi masu ɗanko a jikinsa. Aspera ya fi siririn jiki, ya fi zama a kan ciyawar daji da wurare masu laima, amma yana kama masara da shinkafa. Kada ka yi hukunci da fure ɗaya. Duba biyar ko shida daga tsirrai daban-daban, domin su biyun suna iya barbarar juna, a samu na tsaka-tsaki. Wani kuma da ake ɗauka ƙuduji ne shi ne Buchnera hispida, mai ƙananan fure shuɗi-shuɗi. Nasa wuyan ba ya yin wannan karyewar, kunnuwan furen kuma kusan kai ɗaya suke.

Me ya sa za a sha wannan wahala? Saboda maganin ya danganta da sunan. Irin ƙuduji ƙura ne don ƙanƙanta, tsiro ɗaya na zubar da dubun dubata, kuma yana iya kwanciya a ƙasa fiye da shekara 10 yana jira. Ba ya tsirowa sai ya ji wani sinadari da saiwar wasu tsirrai ke fitarwa. A 1966 aka fara ware irin wannan sinadari, daga saiwar auduga kuwa aka samo shi. Auduga tana tayar da irin hermonthica, ya tsiro, ya rasa inda zai kama, ya mutu. Wannan ya sa juya gona tsakanin dawa da auduga, wanda manoman ƙasar Garwa suka saba da shi, yake rage shi, haka ma waken soya da gyaɗa. To amma wanda gonarsa gesnerioides ne ya cika ta, in ya sake zuba wake ya ciyar da abokin gaba ke nan, hatsi ya kamata ya koma, ko ya nemi irin wake mai jure masa wajen malaman gona. Kowanne ne dai, a tuge shi da zarar ya fara fure, a tara a ƙone, kada a jefar a kan kunya, don ko a tuge yana iya ƙarasa nunar da irinsa.

Gasaya ma ƙirar fure ke raba ta da 'yar'uwarta. Ta miya, Cleome gynandra, zaren tsakiyar furenta shida ne dogaye, sun yi tsalle sun bar kunnuwan furen a baya a kan wata siririyar sanda. Cleome viscosa zarenta gajeru ne masu yawa, kwansonta a tsaye ba sanda, jikinta duk ɗanko, tana manne wa yatsa. A nan launi ma ya taimaka, ta farko fara ce, ta biyu ruwan ɗorawa.

Ƙaya

A itatuwan ƙaya, ka dubi yadda ƙayar ta zauna a gaɓa. Dogaye ne farare bibbiyu a miƙe, ko gajeru masu ƙugiya? Masu miƙaƙƙiyar ƙaya, irin bagaruwa da dushe da farar ƙaya, furensu dunƙulalle ne. Ɗakwara kuwa furenta dogo ne fari-fari, ƙayarta uku-uku: ta tsakiya ta lanƙwasa ƙasa, biyun gefe suna kallon sama. Tana da 'yar'uwa a Sahel da masana ke kira laeta, wadda ƙayarta bibbiyu ce galibi, 'ya'yan ganyenta kuma sun fi girma, sun fi ƙaranci. Wannan ba ƙaramin zance ba ne a Chadi, wadda ke cikin manyan masu fitar da ƙaro a duniya bayan Sudan: ƙaron ɗakwara mai tauri shi ake kira kitir, na dushe mai saurin marmashewa shi ne talha, kuma kuɗinsu ba ɗaya ba ne. Dushe ba ya ɓuya, shafa jikinsa kawai, garin ja ko fari-kore zai biyo hannunka.

Suna, waya, da ajiye shaida

Sai ka gama duk wannan sannan ka nemi suna. Tambayi tsofaffi mata da makiyaya, sun fi kowa ido, amma ka rubuta da wane harshe aka faɗa maka kuma a wane gari, domin a nan Hausa da Fulatanci da Larabcin Shuwa da Kanuri suna cuɗanya, suna ɗaya yakan rufe tsiro biyu ko uku. Sunan masana kashi biyu ne, na farko na gida, na biyu na tsiron kansa. Su ma suna sauyawa. Tun 1982 aka fitar da su tafasa daga gidan Cassia aka mai da su Senna, saboda haka a tsofaffin takardu za ka ga an rubuta tafasa Cassia tora, rai-ɗore kuma Cassia occidentalis. Itatuwan ƙayarmu ma da aka sani da Acacia an raba su, ɗakwara ta koma Senegalia, bagaruwa da dushe suka koma Vachellia, bayan doguwar jayayya da aka ƙarƙare a taron masana na Melbon a 2011, inda itatuwan Ostireliya suka riƙe tsohon sunan. Kada wannan ya ruɗe ka, tsiron bai sauya ba.

Manhajojin waya irin Pl@ntNet suna da amfani wajen kai ka ƙofar gidan, amma abin da ka nuna musu shi suke gani. In hoton fure kaɗai ka ba su, za su jero maka 'yan gidan duka. Ka ɗauki hoton tsiron gaba ɗaya a inda yake, da gaban ganye da bayansa, da gindin sandar ganye, da fure ta gaba da ta gefe, da kwanso, ka ajiye ƙwandalar sefa 100 a gefe don a gane girma. Abin da wayar ta ce, ka ɗauke shi zargi, ka koma ka gwada shi da alamominka. Kuma kada ka ɗanɗana tsiro don waya ta ce ana ci.

In abin ya gagara, sai a adana shi a kai wa masana. Yanko reshe mai ganye da fure da kwanso, ƙaramin tsiro kuwa ka tono shi da saiwarsa. Shimfiɗa shi a cikin jarida, ka juya ganye ɗaya ko biyu bayansu ya kalli sama, ka sa kwali sama da ƙasa, ka danne da katako da dutse a wuri mai iska. A kwanakin farko ka riƙa sauya jaridar kullum, in ba haka ba laimar kaka za ta sa ya yi fumfuna. Irin da ya zube ka ƙulle shi a 'yar takarda daban. Ka rubuta kwanan wata, sunan gari da wurin, irin ƙasar, tsayin tsiron, warinsa, abin da yake kusa da shi, da launin furen tun yana ɗanye, domin launi na gushewa, ƙuduji ma baƙi yake komawa in ya bushe. Makarantar horar da jami'an namun daji ta Garwa, wadda aka buɗe a 1970, tana da ma'ajiyar busassun tsirrai, akwai cibiyoyin binciken noma na IRAD a Garwa da Marwa, babbar ma'ajiyar ƙasa kuma tana Yawunde. Ka yi kwafi biyu na kowane tsiro da lamba ɗaya, ka miƙa ɗaya, ka riƙe ɗaya a akwati mai murfi nesa da gara, don in amsa ta zo ka san wanne ake nufi.